Na'urar Wankin Ƙoda a Ɗakin Barci: Wa Ke Ɗaukar Nauyin?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan'adam ya kyautata halittarsa, ya sanya masa gaɓoɓin da ke yi masa hidima yana barci yana farke ba tare da ya umarce su ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, akwai ni'imomin da bawa ba ya tuna su sai ranar da aka ɗauke su, kuma ƙoda tana sahun gaba a cikinsu. Tsoka biyu ne, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma a kullum suna tace ruwan jini da ya kai kimanin lita 180, su mayar wa jiki da kusan dukkansa, su fitar da abin da bai fi lita ɗaya da rabi ba a matsayin fitsari. Su ke daidaita gishiri da ruwan jiki, kuma suna da hannu a bugun jini da ƙarfin ƙashi da samar da sabon jini. Awa 168 ke cikin mako, babu ko ɗaya da suke hutawa a cikinta. Idan suka gaza, abin da asibiti ya saba bayarwa a madadinsu shi ne awa 12 kacal, wato zama uku a mako, kowane zama awa huɗu, an soke majinyaci da allura biyu a hannu, ɗaya tana jan jini zuwa matata, ɗaya tana dawo da shi.

Wannan tazara da ke tsakanin 168 da 12 tana cikin dalilan da suka sa likitoci suka daɗe suna ƙoƙarin mayar da na'urar zuwa gidan majinyaci, inda babu layi kuma babu wanda ke jiran a tashi a ba shi kujera. A kan wannan nake son mu tattauna a yau, kuma maganata ta shafi wankin da ake yi ta jini ne, ban da wanda ake zuba ruwa a cikin tumbi, domin shi babi ne mai zaman kansa. Duk wanda ya ji an ce "wankin ƙoda a gida" zai ɗauka abu ɗaya ne a ko'ina, alhali suna ne guda da ya lulluɓe tsare-tsare masu nisan bambanci. A wani wuri yana dawo wa mara lafiya da aikinsa da sallarsa da abincinsa. A wani wurin kuwa, abin da ya faru shi ne an kwashe aikin asibiti an jibge a kan matar gida, an rufe ƙofa. Ra'ayina shi ne, kafin a yaba wa kowane tsari, a fara tambayar wa ke ɗaukar nauyinsa.

Tarihin abin da kansa ya nuna haka. Likita Willem Kolff ne ya haɗa ƙodar roba ta farko da ta yi aiki, a garin Kampen na ƙasar Holan a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Sai dai na'urarsa ta masu ciwon ɗan lokaci ce, domin duk wanki sai an ɓarnatar da jijiya, kuma jijiyoyin mutum ƙidayayyu ne. A 1960 Belding Scribner da Wayne Quinton, a birnin Seattle na Amurka, suka ƙirƙiro wani bututu da ake bari a hannu a riƙa amfani da shi a kai a kai, daga nan wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya ya samu hanyar rayuwa. Nan take wata jarrabawa ta kunno kai: cibiyar da aka buɗe a Seattle a 1962 gado uku gare ta, masu buƙata kuwa sun yi yawa. Aka kafa kwamiti na mutum bakwai, cikinsu har da lauya da limamin coci da ma'aikacin banki da matar aure, su zaɓi wanda za a wanke da wanda za a bari. Suna duba aure da yawan 'ya'ya da sana'a da kuɗin shiga da ilimi. Mujallar Life ta fallasa labarin a watan Nuwamba na wannan shekarar, kuma har gobe ana karantar da shi ga ɗaliban ɗa'ar likitanci. Musulmi ba ya buƙatar dogon sharhi kafin tsigar jikinsa ta tashi da jin an ɗora rai a kan sikeli ana auna shi da albashi.

Daga cikin wannan ƙunci wankin gida ya fito. A 1964 an hana wata yarinya 'yar sakandare gurbi saboda ba ta kai shekara 18 ba. Mahaifinta abokin wani farfesan injiniya ne mai suna Albert Babb, shi kuma ya zauna da abokan aikinsa suka ƙera ƙaramar na'ura ta mutum ɗaya a cikin 'yan watanni, aka kai gidansu, mahaifiyarta ta koyi sarrafa ta. Yarinyar ta ƙara shekara huɗu a duniya, ta gama sakandare ta shiga jami'a. A wannan shekarar dai John Merrill ya fara irin haka a Boston, Stanley Shaldon kuma a Landan ya fara sa majinyata su yi wankin da dare suna barci a gadajensu. A lura da kyau: tun ranar farko, akwai uwa a gefen na'urar.

Zuwa 1973, kusan kashi 40 cikin 100 na masu wankin ƙoda a Amurka a gida suke yi. A wannan shekarar ce dokar da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a 1972 ta fara aiki, wadda ta ɗora wa gwamnati biyan kuɗin wankin kusan kowane ɗan ƙasa. Doka ce ta jin ƙai, ta ceci rayuka masu yawa, ta kuma kawo ƙarshen kwamitocin zaɓen rai. Amma yadda aka tsara biyan ya fifita cibiya a kan gida. Kamfanoni suka ga riba tana wajen cika kujeru, likitoci suka riƙa kammala horo ba su taɓa ganin mai wanki a gida ba, majinyatan da ke shigowa kuma suka ƙara zama tsofaffi masu cututtuka da yawa. Kafin farkon shekarun 2000 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 1. Na'urar ba ta lalace ba, jikin ɗan'adam bai sauya ba. Hanyar da kuɗi ke bi ce ta sauya. Ko bayan umarnin da Shugaba Trump ya fitar a Yulin 2019 na ƙarfafa jinyar gida da dashen ƙoda, masu wankin jini a gida a can ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. A Niyu Zilan kuwa, a wajejen 2010, kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu wanki yana yin na jini a gida, kuma birnin Christchurch ya shafe shekaru masu yawa a kan manufar cewa duk wanda zai daɗe yana wanki sai ya koyi yi wa kansa.

Bambanci na farko da ake gani a aikace shi ne na lokaci. Akwai wanda ake ba na'ura ya ci gaba da zama uku na awa huɗu kamar a asibiti, ribarsa ita ce hutun zirga-zirga. Akwai mai yin gajeren wanki, awa biyu da rabi zuwa uku, sau biyar ko shida a mako. Akwai kuma mai yin dogo na dare, awa shida zuwa takwas, ko dai dare ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka fi yi a Ostireliya da Niyu Zilan, ko dare biyar zuwa shida a mako kamar tsarin da Robert Uldall ya assasa a Toronto ta Kanada a farkon shekarun 1990, wanda Andreas Pierratos ya ci gaba da shi bayan rasuwarsa. Tun kafin su, cibiyar Tassin a Faransa ta riƙe zaman awa takwas sau uku a mako a lokacin da duniya ke rige-rigen gajarta wanki, kuma ta shahara da cewa mafi yawan majinyatanta hawan jininsu ya daidaita ba tare da ƙwayoyi ba.

Hikimar a fili take. Ruwan da ya taru a jiki na kwana biyu, idan aka zuƙe shi cikin awa huɗu, jini yakan faɗi, ƙafafu su ɗaɗɗaure, zuciya ta galabaita, mutum ya koma gida ya kwanta sauran yinin kamar wanda aka yi wa duka. Idan aka janye shi a hankali cikin dare guda, da yawa sukan tashi su tafi aiki. Sannan tsarin Litinin, Laraba, Juma'a yana barin giɓi mai tsawo daga Juma'a zuwa Litinin, kuma wani bincike da aka buga a 2011 a kan majinyata fiye da 32,000 a Amurka ya gano cewa an fi mutuwa da kwanciya asibiti a ranar da ta biyo bayan wannan giɓi. Masu dogon wankin dare da yawa sukan daina shan ƙwayoyin rage sinadarin fosfet, a sassauta musu dokar abinci da ta ruwan sha. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne rahoton Toronto na 2014 game da mata masu juna biyu: waɗanda ke samun fiye da awa 36 na wanki a mako, kashi 85 cikin 100 sun haifi 'ya'yansu da rai, waɗanda ke samun awa 20 ko ƙasa da haka kuwa kashi 48 ne.

Amma adalci ya wajaba ko a kan abin da mutum ke so. Waɗanda ake zaɓa su yi wanki a gida galibi sun fi ƙuruciya da ƙarfin jiki, don haka kwatanta tsawon rayuwarsu da na mutanen cibiya kwatanci ne mai ruɗi. Gwajin da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 87, wanda sakamakonsa ya fito a 2011, bai tabbatar da fifikon wankin dare shida a manyan ma'aunan da aka sa masa ba, kuma ya nuna cewa yawan suka yana gajiyar da jijiyar hannu, ragowar ƙarfin ƙodar ma yakan fi saurin tafiya. Saboda haka ba na cikin masu cewa duk wanda ya ƙara awa ya ƙara shekaru. Ajali yana hannun Mai shi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne mutum ya mallaki lokacinsa.

Kuma lokaci, a wurin Musulmi, ya wuce maganar jin daɗi. Wanda rabonsa ya faɗo a zaman tsakar ranar Juma'a a wata cibiya a Landan ko Toronto, zai iya shekara bai ga liman a kan mumbari ba. Shari'a ta ɗauke masa laifi, malamai da dama sun halatta wa majinyaci haɗa salloli idan rarrabewa ta yi masa tsanani, kuma zai iya yin salla a zaune a kan kujerar da ishara. A mazhabar Malikiyya da ta Shafi'iyya fitar jini daga hannu ba ta karya alwala, saɓanin Hanafiyya da ke ganin jinin da ya kwarara yana karya ta. Duk da wannan sauƙi, wanda ya saba da sahu ya san abin da ya rasa. Haka batun azumi: kwamitin fatawa na dindindin na ƙasar Saudiyya ya tafi a kan cewa wankin ƙoda da rana yana ɓata azumi, saboda sinadaran da ke shiga jini ta hanyarsa. Mai na'ura a gida yana iya mayar da wankinsa bayan tarawihi. Ko zai iya azumin ko ba zai iya ba, wannan hukuncin amintaccen likitansa ne, kuma Suratul Baƙara ta buɗe wa mara lafiya ƙofar ramuwa da ta ciyarwa. Babu taƙawa a cikin jefa rai ga halaka. Bari in saka wata 'yar tunatarwa a nan ga masu zuwa dubiya: ayaba da lemo da dabino suna ɗauke da sinadarin fotasiyam mai yawa, shi kuma idan ya taru a jinin wanda ƙodarsa ta gaza yana iya tsayar da zuciya. A tambaya kafin a cika wa majinyaci leda.

Bambanci na biyu shi ne na'ura da ruwa. Na'urar da aka saba da ita tana gudanar da ruwan wanki kusan rabin lita a minti, wato lita 120 a zama ɗaya, idan kuma aka haɗa da wanda injin tace ruwa ke zubarwa, lissafin yakan kai lita 500. Kai irin wannan gida yana bukatar gyaran famfo da magudana da layin lantarki na musamman. A 2005 hukumomin Amurka suka amince da wata ƙaramar na'ura ta kamfanin NxStage, wadda za a iya sa ta a bayan mota a yi tafiya da ita, tana amfani da lita 20 zuwa 30 kacal. Sauƙinta ne ya farfaɗo da wankin gida a can, amma ƙarancin ruwan yana nufin sai an yawaita zama, tsarin biyan kuɗi na gwamnati kuma zama uku ya sani, ƙarin sai likita ya rubuta hujja. A Geelong ta Ostireliya, Likita John Agar, wanda ya fara shirin wankin dare a 2001, ya duba ruwan da ake zubarwa a ƙasar da fari ke addaba, ya nuna cewa ruwa ne da bai taɓa jinin kowa ba, ana iya tara shi a yi wanki da ban ruwa da shi, har ya gwada tafiyar da na'urorin gida da hasken rana. Mu da aka hana mu almubazzaranci da ruwa ko a wurin alwala, mu ya kamata a ce mun riga shi wannan tunanin.

To, wa ke biyan kuɗin ruwan da wutar? A asibiti, hukuma ce. Da zarar na'ura ta shiga gida, mitar maigida ce ke juyawa. Wasu lardunan Kanada da jihohin Ostireliya suna mayar wa majinyaci da wani kaso. A Ingila, lokacin da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo a 2022, ƙungiyoyin masu ciwon ƙoda sun yi ta ƙorafin cewa abin da ake mayarwa ya bambanta daga wannan asibiti zuwa wancan, har wasu majinyata suna tunanin komawa cibiya saboda tsadar wuta. Hukumar da ke ba da shawara kan hanyoyin jinya a ƙasar ta ce tun 2002 a riƙa gabatar wa duk wanda ya dace da zaɓin gida, amma shawara a takarda ba ta biyan kuɗin lantarki. Wankin gida ya fi na cibiya arha ga gwamnati a ƙasashe da yawa, musamman saboda an rage albashin ma'aikatan jinya. Idan an rage wannan albashi, aikin bai ɓace ba, wani ne ke yin sa kyauta.

Wannan ya kawo mu bambanci na uku, wanda shi ne zuciyar maganata: mataimaki. Wankin jini ba wasa ba ne. Jini yana fita daga jiki da gudun da ya kai mililita 300 a minti ko fiye, kuma idan allurar da ke dawo da shi ta zare mutum yana barci, cikin 'yan mintuna zance ya ƙare. Shi ya sa ake ɗaure allura da kyau, ake sa na'urar da ke ƙara idan ta ji danshin jini, shi ya sa kuma horo ke ɗaukar makonni: kimanin uku zuwa shida a shirye-shiryen ƙaramar na'ura, wata biyu zuwa uku a wasu shirye-shiryen Kanada da Ostireliya. Ko a wajen suka akwai saɓani: wasu suna koyar da soka wuri guda a kullum har ya zama ƙaramar ƙofa kamar ta maɓalli, saboda ya fi sauƙi ga mai yi wa kansa, wasu kuma sun ja baya da wannan hanya bayan an ga tana ƙara haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga jini, suka koma ga sauya wurin suka kamar mai hawa tsani.

A Amurka an daɗe ana shar'anta cewa sai akwai wanda aka horar yana zaune a gidan duk lokacin wanki. Sai a 2017 aka amince mutum ya yi shi kaɗai da rana. A Niyu Zilan da Ostireliya da wasu cibiyoyin Kanada tun tuni falsafarsu ita ce majinyacin ne ake horarwa, shi ke haɗa na'urarsa, shi ke soka kansa, iyalinsa su ci gaba da zama iyali. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, kamar Katar da Saudiyya, salon da ya bayyana shi ne ma'aikacin jinya ya zo gida ya yi aikin gaba ɗaya, musamman ga tsofaffi da waɗanda ba sa iya tashi. Salo ne mai kyau ga mai buƙatarsa, amma yana da tsada, kuma ba ya ba da 'yancin lokaci tunda sai lokacin da nas ta samu zuwa. Dukkan ukun sunansu ɗaya, rayuwar da ke cikin gidajen kuwa ba ta kama da juna.

A tsarin da ya dogara ga mataimaki, wannan mataimaki a mafi yawan gidaje mace ce: mata, ko uwa, ko 'ya. Ita ke ɗaukar katan-katan na kaya, ita ke soka allura a hannun mijinta tana jin zafin a nata jikin, ita ke barci da kunne ɗaya tana sauraren ƙarar na'ura, ba ta zuwa biki ba ta zuwa ta'aziyya sai ta lissafa kwanakin wanki. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka fara wankin jini a gida a Amurka sun bar shi a shekarar farko, kuma gajiyar majinyaci da ta mai taimakonsa tana cikin dalilan da likitoci suka fi ambata. Shirye-shiryen da suka san abin da suke yi sukan ajiye kujera a cibiya domin hutu, majinyaci ya zo a yi masa na mako ɗaya ko biyu, iyalinsa su numfasa, sannan akwai lambar waya da nas ko injiniya ke amsawa ko da ƙarfe uku na dare ne.

A nan nake jin tsoro a kanmu, mu Musulmi. Muna alfahari, kuma da gaskiyarmu, cewa ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, jinya a wurinmu ibada ce. Amma wannan alfahari yana iya zama mayafin zalunci. Sai ka ga dangi talatin sun zo dubiya ranar Lahadi, an cika falo, an yi addu'a, an watse, sauran kwana shida kuma mace ɗaya ce a kan aikin, idan ta yi ƙorafi a ce mata ta yi haƙuri tana samun lada. Lallai tana samun lada, sai dai ladanta bai sauke wa sauran nauyinsu ba. Malaman fiƙihu sun sanya kula da mara lafiyan da ba ya iya kula da kansa a cikin farillan kifaya, wato nauyi ne a wuyan jama'a gaba ɗaya har sai an samu waɗanda suka wadatar da shi, kuma wadda ta kusa faɗuwa don gajiya ba a ce ta wadatar ba. Magabata sun fahimci haka da dukiyarsu. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, takardar waƙafinsa ta yi tanadi har ga matalaucin da ke kwance a gidansa, a riƙa kai masa magani daga taskar asibitin. Wato zamansa a gida bai fitar da shi daga alhakin hukuma ba.

Akwai misalai biyu na zamaninmu da suka fi kusa da wannan ruhi, kuma dukkansu ba daga Musulmi suka fito ba. A kudancin Auckland ta Niyu Zilan, inda iyalai da yawa ke cunkushe a gidajen haya da babu wurin ajiye na'ura, wata ƙungiyar masu ciwon ƙoda ta tanadi gidaje na gama-gari tun daga 2004: gida ne kamar kowane a unguwa, an sa na'urori a ɗakunansa, wanda aka horar ya zo da makullinsa ya yi wankinsa a lokacin da ya zaɓa, babu nas a wurin, amma asibiti ne ke kula da na'urorin. Na biyun ya fi ban mamaki. Mutanen ƙabilar Pintupi, 'yan asalin hamadar yammacin Ostireliya, sun ga ciwon ƙoda yana kwashe dattawansu zuwa garin Alice Springs, ɗaruruwan kilomita daga ƙasarsu, su mutu a can cikin kewa. Masu zanensu suka haɗu suka yi manyan zane-zane, aka yi gwanjonsu a Sydney a shekarar 2000, aka tara fiye da dalar Ostireliya miliyan ɗaya. Da wannan suka kafa abin da aka fi sani da Purple House, a 2004 aka fara wanki a ƙauyen Kintore, daga baya har da babbar mota mai ɗauke da kujerun wanki tana zagaya ƙauyuka. Mutanen da ba su da babin waƙafi a littattafansu sun yi waƙafi da fenti.

Na san mai karatu a Kano ko Damagaram zai ce wannan duk hira ce ta ƙoshi. Yana da hujja. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa a 2010 mutum miliyan 2.6 ne ke samun wanki ko dashe a duniya, kuma aƙalla miliyan 2.3 sun rasu saboda ba su samu ba. Wani na 2017 a kan Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan da suka fara wanki sun daina, galibi saboda kuɗi. Mutanen Gashuwa da Haɗejiya sun san wannan ba tare da mujalla ba: a sayar da gona, a sayar da shanu, a yi zama goma, a dawo gida. Ragin da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta sanar a 2025, daga Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a kowane zama a wasu asibitocinta, sauƙi ne na gaske, amma bai ɗauke kuɗin mota da masauki da magungunan ƙarin jini ba. A wurinmu har yanzu aljihu ne ke yin aikin kwamitin Seattle.

Duk da haka darasin yana da amfani a gare mu ta fuska biyu. Ta farko gargaɗi ce ga mai hali da zai ce zai sayo na'ura ya ajiye a gida, ya haɗa ta da rijiyar burtsatse da janareta, ya ɗauko wani ya riƙa kunna masa. Tantanin da ke cikin matata siriri ne ƙwarai, abin da ke cikin ruwan yana iya ƙetarawa kai tsaye zuwa jini ba tare da kariyar hanji ba. A garin Caruaru na Brazil a 1996, fiye da mutum 50 suka mutu a cibiya guda saboda gubar gansakuka da ke cikin ruwan da aka ɗebo daga madatsa ba a tace shi yadda ya kamata ba. A Christchurch ma, da girgizar ƙasa ta 2011 ta katse ruwa da wuta, sai da aka kwashi masu wanki a jirgi zuwa Auckland. Duk wani shiri na gida da ya yi nasara, akwai asibiti tsaye a bayansa yana gwada ruwa da jini a kai a kai.

Fuska ta biyu ita ce abin da za mu iya. Kuɗin da attajiri ɗaya ke kashewa a umarar nafila ta goma, ko wanda unguwa ke tarawa don ƙara hasumiya a masallacin da ya riga ya yi kyau, zai iya zama harsashin ɗaki mai kujeru uku ko huɗu a garin da majinyata ke yin tafiyar awa uku zuwa birni: injin tace ruwa, faifan hasken rana da batura, nas biyu da injiniya ɗaya, a ƙarƙashin kulawar asibitin koyarwa mafi kusa. Sayen na'urar shi ne ɓangare mai sauƙi, kuma shi ne ke shiga hoto. Abin da ke cin kuɗi shi ne matata da bututu da sinadaran da ake sauyawa a kowane zama, don haka waƙafin da zai ɗore sai an haɗa shi da abin da ke kawo kuɗi duk wata, kamar shaguna ko gidajen haya, yadda magabata suka yi. Ku kuma matasa da ke karatun likitanci da jinya da injiniyanci, gyaran waɗannan na'urori da gwajin ruwansu fanni ne da ake neman masu shi ido rufe. Wanda ba ya cikin waɗannan, amma akwai mai wanki a danginsa, ya je ya tambayi wadda ke jinyar wace rana ce a mako take son a karɓe ta, ya rubuta sunansa a kan wannan ranar.